Tafiyar da Muka Yi Saboda Kunnen Malam

Tun da muka dawo ban huta ba. In na je famfo tambaya, in na je barka tambaya, hatta matan da nake koya wa karatu da yamma sun daina zuwa da alli, sai kunne kawai suke kawo mini. "Mariyama, wai da gaske rediyo anka kara ma Malam ga kunne, yag ga ciwon?" To na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowace mai ji sai ta ƙara nata gishirin kafin ta kai gaba. Ga yadda abin ya faru daga bakin wadda ta je. Wadda bai ishe ta ba, hanya a buɗe take.

Maigidana, wanda kowa a Madarumfa ke kira Malam, zabiya ne. Lambu yake yi a bakin tafki, salati da tumatir da kabeji, ke nan sana'arsa da rana ce, ita kuwa rana ba ta raga wa fatar zabiya. Bara bayan girbi wani ɗan ƙurji ya fito masa a saman kunnen hagu, bai wuce ƙwayar wake ba. Ba ya zafi. Sai ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, mu ce ya warke, kwana kaɗan ya dawo. Da na matsa masa ya je likita, majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya duba ya ce irin wannan ba a wasa da shi ga zabiya, ya kamata a yanki ɗan kaɗan a bincika ko ciwon daji ne. Malam ya ja malafarsa ya fito, bai ko tsaya sallama ba.

Ban ga laifinsa sosai ba. Wansa, marigayi Yaya Hamidu, shi ma zabiya ne, kuma ciwon daji ne ya kashe shi. An kai shi babban asibiti an yi masa aiki a wuya, bai shekara ba ya rasu. Tun daga nan uwarsu, Inna, ta riƙe abin da kowa ke faɗi a wajenmu: daji ba ya son ƙarfe. In allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi.

Ƙanena Illiya, wanda ke zuwa cin rani ƙasar Yarbawa daga garin Gabi, shi ya kawo labarin. Ya ce a garin da yake dako, wata jami'a na gwada wata na'ura a asibitinta, ana kiran zabiyoyi su zo a duba su. Ɗan ƙaramin anten ne irin na rediyo ake ɗorawa kan fata, ba tsaga, ba jini. Kalmar "ba jini" ita ta sa Malam ya yarda. Inna kuwa sai da ta kira ni ɗakinta, ta kama hannuna ta sa cikin nata.

"Amana na ba ki, ɗiyata. Su duba shi da ido, su duba shi da abin nan nasu. Amma ƙarhe kar shi taɓa shi. Ɗaya ya rage min."

Na ce, "Na ɗauka, Inna." Da zuciya ɗaya na faɗa, don a lokacin ni ma haka na ɗauka abin zai tsaya.

Mun tashi da sassafe, muka bi ta Ɗan Issa. Na canja kuɗinmu, aka ba ni naira dam guda, har na ji kamar na yi arziki, kafin mu kai Katsina arzikin ya fara ramewa. A kan iyaka wani mai kaki ya zazzage jakata ya ci karo da kwalaben man kare rana da ake raba wa zabiyoyi a Maraɗi. Ya ce man bilicin ne nake fataucinsa. Na ce ba shi ba ne. Ya ce shi ne. Na ce na maigidana ne, ga shi can. Ya waiga ya ga Malam tsaye cikin inuwa, fari tas, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kai, Hajiya, man nan naki yana aiki!" Malam ne ya fara dariya, don shi irin wannan ba ta damunsa. Mai kakin ya ji kunya, har jakar ya ɗauka ya kai mana mota.

Daga Katsina muka kwana Kaduna wajen wata ƴar garinmu, washegari muka shiga doguwar mota mai zuwa kudu. Na yi guzuri irin na wadda ba ta yarda da abincin mutane ba: soyayyen kifin tafki, ƙuli-ƙuli, dambun zogale, da fura dame cikin jarka. Furar nan ita ta tona mini asiri. Zafi ya yi zafi, ta tashi, jarka ta kumbura ban sani ba. Muna gangarawa Lakwaja mota ta faɗa rami, murfi ya yi tsalle, fura ta yi wa wani bawan Allah mai kwat da ke gabanmu wanka tun daga ƙeya har kujera. Ba ya jin Hausa, ba na jin Turanci. Na yi ta ba shi haƙuri da hannu, ya yi ta faɗa da nasa harshen, daga baya na miƙa masa kifi biyu. Ya karɓa yana hararata, ya ci, ya sake waigowa. Kafin mu rabu ya cinye rabin guzurin Malam, har ya nuna mini hoton ƴaƴansa a waya.

A Lakwaja na ga ruwan da ya sa na daina yi wa baƙi alfahari da tafkinmu. Daga can kuma itatuwa suka rufe hanya, iska ta yi nauyi, gumi ya ƙi bushewa. Malam ya ce ƙasar nan ko tsinke ka dasa sai ya yi ganye, ya yi ta leƙen lambunan mutane ta taga kamar zai sauka ya gyara musu kunya.

Illiya ya tarye mu, ya kai mu Sabo, unguwar Hausawa, gidan wata Hajiya Balaraba. Kakanta Bagobiri ne, amma ita ko Gobir ba ta taɓa gani ba, Hausarta kuwa sai ka kasa kunne, rabi ta tafi Yarbanci. Gidan ba zaure, ba tsakar gida. Doguwar hanya ce a tsakiya, ɗakuna na kallon juna, maza da mata kowa na gittawa da ɗan tawul. Malam ya kwana biyu yana tafiya kansa a ƙasa. Gaisuwarsu kuwa ta burge ni. Saurayi da gemunsa zai zube rub da ciki gaban tsohuwa a tsakiyar titi, ba ruwansa da laka. Na ce da yaran unguwarmu za su zo su ga wannan, da masu gaisuwa hannu cikin aljihu sun shiga taitayinsu.

Abinci ne muka yi rigima da shi. Tuwonsu baƙi ne, na garin doya, suna ce masa amala, miyar kuma kamar ta lalo, sai barkono da ba tsoron Allah a cikinsa. Ranar farko na kai Malam wajen wata mai abinci. Tana ganinsa ta rusuna, ta ba shi kujera mai kyau, don su wai zabiya mutum ne na musamman. Amma da na ce ta zuba masa miya sai ta ƙi. Ta shiga ciki ta yi masa wata daban, lami, ba gishiri ko ƙwaya. Illiya ya fassara mini: a wajensu an ce gishiri ne ke ɓata fatar zabiya. Matar ta nuna kunnen Malam, ta nuna ni, ta yi ta faɗa, wai ni na jawo masa da gishirina. Na yi dariya har da hawaye. Na ce wa Illiya, "Ji min mutane da camhi! Mi ya haɗa gishiri da kunne?" Illiya ya dube ni, ya ci gaba da cin tuwonsa. Sai daga baya na gane abin da kallonsa ke nufi: mu ma ga namu na ƙarfe. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ranar da aka ba mu, muka isa asibitin da hantsi. Wadda ke kula da na'urar wata injiniya ce, Bayarabiya, sunanta Bola, a Zariya ta girma, Hausa a bakinta kamar ruwa. Ni da na ji ana ta anten, anten, na zaci zan ga irin faifan parabol da ke kan rufin gidaje. Ashe abin bai fi farcen babban yatsa ba. Yana kan bakin wani ɗan mariƙi kamar alƙalami, da waya da ta haɗa shi da akwati, akwatin kuma da allo. Su can eriya suke ce masa.

Malam ya ƙura masa ido, ya ga ɗan jan abu na ƙyalli a tsakiya. Ya ce, "Wanga ba ƙarhe ba ne?"

Bola ta ce, "Tagulla ce, Baba, amma an rufe ta da roba. Taɓa ka ji." Ya taɓa da yatsa, ya juya shi, sannan ya zauna.

Ta yi mana bayani tun kafin ta fara. Ta ce ɗan abin nan yana aika igiyar rediyo mai rauni ƙwarai, ba ta kai ƙarfin ta wayar hannu ba, ta shiga fata kaɗan ta dawo. Naman da daji ya fara kamawa ya fi lafiyayye riƙe ruwa da jini, don haka abin da ke dawowa daga cikinsa daban ne. Za ta auna ƙurjin, ta auna lafiyayyar fatar da ke gefensa, allo ya zana layi biyu. In sun kwanta tare, to. In sun rabu, akwai magana. Na ce a raina, ai wannan ƙwanƙwasa kankana ne, ka ji nunarta ba ka fasa ba.

Ta fara da kunnen dama, mai lafiya, don gwaji. Layi ya yi sama ya yi ƙasa kamar mahaukaci. Ta koma na hagu, haka. Ta gwada bayan kunne, haka. Ta ɗaure fuska. Ni kuwa na ce shi ke nan, ciwo ya gama kai duka. Ina salati a zuci sai na ga ta ajiye abin, ta kama kunnen da yatsu biyu, ta duba yatsun.

"Baba, me ka sa a kunnen nan?"

Malam ya ce, "Ba komi. Alwala ɗai niy yi."

Shi Malam ba ya shiga babban al'amari ba alwala. Muna jiran layi ya zagaya famfo ya yi abarsa, ya shafi kunnuwa ciki da waje yadda ya kamata. Ni kuma da safe na lafta masa man kaɗanya da man rana, don kada a ce matarsa ba ta kula da shi. An faɗa wa Illiya a zo da fata busasshiya, Illiya ya ga maganar ba ta kai a isar ba. Na'urar da ke neman ruwa a cikin nama, mu muka kawo mata shi a waje. Bola ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce tun da suka fara gwaji ba su taɓa tunanin alwala ba, daga yau za su riƙa tambaya. Aka goge kunnuwa, aka zaunar da Malam gaban fanka kamar wanki.

Da aka sake, na dama ya ba da layi biyu kwance tare, lafiya lau. Na hagu kuwa, tana ɗora abin kan ƙurjin, layi ɗaya ya rabu da ɗan'uwansa ya yi ƙasa. Ta ɗaga ta sake, bai canja ba. Wannan ko ni da ban yi lakwal, wato boko, mai zurfi ba na gani.

Bola ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce na'urar har yanzu gwada ta ake yi, ba ta yanke hukunci. Iyakarta ta ce wannan wurin ya bambanta, a hanzarta. Mai tabbatarwa sai an cire an duba a madubin likita. Ta kira likitar fata, wata dattijuwa mai furfura, ta duba da gilashinta ta ce ko ba na'ura ita ma ba ta yarda da ƙurjin nan ba. Tana so ta cire shi duka da ɗan gefensa, a ranar.

Malam ya miƙe. "Hamidu ma haka anka ce mishi." Ya fita.

Na same shi a waje ƙarƙashin wani mangwaro, ya ja malafa ya rufe fuska. Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Ga amanar Inna a wuyana, ga layin nan da na gani da idona. Likitar ta faɗa mini wata magana kafin in fito, Bola na fassarawa: mutane ba sa zuwa sai ciwo ya ci ya ƙoshi, sannan a yi aiki, mutum ya mutu, a ce wuƙa ce. Wuƙar da ta zo a makare ita ke ɗaukar laifi.

Na ce, "Malam, ran da anka kai Yaya Hamidu asibiti, ciwo nai kamar mi ya kai?"

Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini.

"Naka hwa?"

Can ya ce, "Ke kina zaton mutuwa nika tsoro? Kowa da ranatai. Ke nika ji ma. In anka yanka ni abin ya ɓaci, Inna ba ta sake kallon ki har ta koma ga Allah. Gari duka za a ce Mariyama ta kai mijinta kudu ta sa an kashe shi. Da wane ido za ki zamna Madarumfa?"

Shekarunmu da yawa tare, ban taɓa sanin zai iya sa ni kuka a gaban mutane ba. Na share fuska da gyale, na ce, "Wanga nawa ne, ba naka ba. Ni na ɗauki alkawali, ni za ni karya shi, ni za ni tsaya gaban Inna. Su hwaɗi abin da za su hwaɗi. Amma in zamna ina kallon abin nan shina cin ka kaɗan-kaɗan don a ce ni mai amana ce, wallahi ba ni yi. Tashi mu koma."

Ya dube ni, ya ce, "Ke dai ba a kayar da ke." Ya nemi famfo zai sake alwala, na ce wannan karon ya yi, ba mai hana shi.

Aikin bai kai daɗewar dahuwar shinkafa ba. An kashe wurin da allura, yana zaune yana tasbihi, aka cire, aka ɗinke. Kunnen ya samu ɗan giɓi a sama. Jiran sakamako ne ya fi aikin wuya, don ya kai mu kusan mako biyu a Sabo. Kullum da safe sai in buɗe bandejin in leƙa, ina jiran in ga ko dajin ya fusata kamar yadda ake faɗi. Sai na ga wuri yana ta bushewa abinsa. Don kada tunani ya kashe ni na shiga taya Hajiya Balaraba suyar kifi, na nuna mata yadda muke yi da yaji da tafarnuwa, ita kuma ta koya mini tuƙin amala. Har yau ban ce yana da daɗi ba, na dai iya.

Sakamako ya fito: daji ne. Amma farkonsa ne, bai yi saiwa ba, kuma gefen da aka cire duk lafiyayye ne, ba a bar komai ba. Likita ta ce da mun bar shi wata shekara da labarin ya canja. Ta ce ba a gama ba, fatar zabiya sai da tsaro: malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man rana kullum, ban ruwa da sanyin safiya ko da la'asar, kuma a riƙa kai shi ana dubawa a Maraɗi. Bola ta rako mu har ƙofa. Ta ce burinsu abin ya ƙanƙance ya yi araha, har majo na ƙauye ya riƙa sa shi a aljihu. Na ce in ya kai nan ta fara da Madarumfa, muna da masu alwala da yawa da za su gwada mata shi.

A hanyar dawowa, muna wuce Jibiya, Malam ya fara dabara. Wai ya naɗa rawani, ko mu ce magani aka shafa ƙurjin ya faɗi da kansa. Na ce a'a. Na karya alkawari, ba zan ɗora ƙarya a kai ba.

Mun iso bayan la'asar. Ban ko sha ruwa ba na wuce ɗakin Inna. Tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa, na gaishe ta, na ce, "Inna, na ci amanarki. Ƙarhe ya taɓa shi, kuma ni na sa. Daji ne, an cire shi. Abin da duk za ki yi min, ki yi."

Hannunta ya tsaya cikin ƙwarya. Ba ta dube ni ba. Ta ce a kira mata shi. Malam ya shigo ya tsuguna, ta cire masa malafa, ta jawo kansa kusa da ƙofa inda haske yake. Ta daɗe tana shafa giɓin nan da yatsa, tana bin ɗinkin a hankali.

"Duka anka cire?"

Ya ce, "Duka, Inna."

"Kuma bai tashi ba."

"Bai tashi ba."

Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "Na Hamidu ma haka ya hwaro. Kamar ƙwayar wake. Ni ya hwara gwada mawa."

Ta ɗauki malafar ta kifa masa, ta ja ta da hannu biyu har ta rufe kunnuwan, yadda ake yi wa yaro. Ni ina nan durƙushe, ban san matsayina ba. Ta jawo ƙwaryar gyaɗarta, ta ce, "Tashi, ɗiyata, kin sha hanya. Ki riƙa duba min bayan wuya nai kullum. Ni idona ya tahi."